Famfon Kaka Ortansa

Kaka Ortansa ba ta fara gulma sai ta buɗe famfon kicin. Tun ina yarinya a garin Braila nake ganin haka, amma ban taɓa tambaya ba sai ranar da muke naɗe nama a ganyen kabeji.

"Tsohuwa, wai me ya haɗa gulma da ruwa?"

Ta ce, "Ƙarar ruwa na toshe kunnen mai saurare. Lokacin tsohuwar gwamnati kowane gida da mai kai wa hukuma rahotonsa."

Na yi dariya, na nuna mata wayata. "Ai wannan ta fi shi. Ta san inda na kwana, ta san abin da na saya."

Ta goge hannu, ta ɗauki wayar tana jujjuyawa. "Wa take kai wa?"

"Kamfanoni."

"Sunan mutumin nake tambaya, sarauniyar surutu."



"Namu Grigore ne, na hawa na biyu," in ji ta. "Muna gaisawa a matakala. Har jana'izar kakanki ya zo."

Ta saka wayar cikin tukunya, ta rufe.

"Naki fa, zai zo jana'izarki?"