Akwatin Ajimi

"Buhu da rabi," in ji Idrisa. "Geron bara, daga sitonmu."

"Albarka," in ji Baba Bunu, bai ko ɗaga kai ba.

Shekara arba'in Bunu yana dillanci a kasuwar Mallawa. Ya sayar da shanu, ya sayar da amalanke, har raƙumi gurgu ya taɓa samar wa mai saye. Amma sai yau aka kawo masa hajar da hannu ba ya taɓawa. Tana cikin talho, wato wayar hannu, talhon kuma yana hannun Usama, ɗan marigayi amininsa, wanda ya zauna bakin tabarma kamar shi aka kawo sayarwa.

Wasa ne da samari suke yi. A cikinsa duniya ta ƙare, garuruwa sun ƙone, sama ta daina ruwa, 'yan tsirarun da suka rage suna yawo cikin kangaye suna neman abin sawa a baki. Kuɗi ba ya aiki, da harsashi ake ciniki. Shekara uku Usama yana zaune a rumfarsa ta sa wa talho wuta yana wannan wasa, har ya mallaki gida a ƙarƙashin ƙasa cike da abinci. Idrisa kuwa, ɗan wani babban mai hatsi na Magariya, bana ya shiga, kullum yunwa ke kashe shi a can. Shi ya sa yake son sayen gidan da duk abin da ke ciki.

A gidan Usama na gaskiya rumbu ya ƙare tun sati biyu. Geron gona bai fitar da kai ba, tiya ta kai dala ɗari da casa'in, ga baki bakwai: uwarsa Kaltume, matarsa Zulai mai goyo, matar wansa da 'ya'yanta uku, sai shi.

"Nuna mini kayan," in ji Bunu. "Ban taɓa sayar da dabba ban duba haƙoranta ba."

Usama ya matso ya buɗe. Bunu ya ƙanƙance ido ya ga gwangwanaye jere har rufi.

"Wannan mene ne?"

"Wake ne, Baba. Ɗari huɗu da 'yan kai. Ga jarkokin ruwa, ga busasshen nama."

"Gwangwani nawa yake a can?"

"Harsashi goma sha biyu. Bara takwas ne."

"Ashe can ma akwai irin ubanka," Bunu ya ce da Idrisa. Idrisa ya yi dariya, ba ta kai ciki ba. "To ana noma?"

"Ba a noma. Ƙasar ta mutu."

"Ka ji, ɗan Alhaji. Inda ba a noma, farashi ba ya sauka da kaka. Buhu biyu, kuma yau, ba kasuwa mai zuwa ba."

Idrisa ya yi ƙorafi, ya miƙe kamar zai tafi, ya karkaɗe riga, ya dawo ya zauna. Bunu ya san irin wannan miƙewa. Suka tsaya a buhu biyu, tiya tamanin. Saura a ce sallama, sai idon tsohon ya faɗa kan wani akwati a kusurwar ɗakin, an ware shi daban.

"Wancan fa? Ba ka ƙidaya shi ba."

Usama ya ce, "Na Yaya Ajimi ne."

Bunu ya san Ajimi tun yana tsumma. Shekara uku ke nan da ya tafi Libiya aikin gini. Lambarsa takan canza, amma a wasan suna haɗuwa, domin gidan na mutum biyu ne, sunansa yana kan ƙofa. In ya samu rezo, wato sabis na waya, sai ya shigo, su gaisa, ya tambayi yara. Wata bakwai ke nan bai shigo ba, ba kuma wanda ya ji ɗuriyarsa. Duk ranar Allah Usama yana jefa gwangwani ɗaya a akwatin.

"In ya dawo zai tarar da mutuminsa na wasan cikin yunwa," in ji shi. "Kuma nan kaɗai ya san zai same ni."

"Ni fa abokina zan sa a gurbin nan," in ji Idrisa. "Zan cire sunan."

Bunu ya gyara hula. "A kasuwar nan in an sayar da saniya, mai ita yana kwance igiyarsa ya tafi da ita gida. Haka muka tarar. Sunan nan da akwatin nan igiya ce, ba sa cikin ciniki. Ba ka cirewa, ba ka buɗewa, in ya shigo ka kira yaron nan ko kana cikin wanka."

"Igiya ba ta tare wuri, Baba. Wannan ta tare mini rabin gida. In haka ne, na rage tiya biyar."

Bunu ya ja Usama bayan rumfa, inda ake ɗaure jakuna.

"Tiya biyar kwana uku ne a gidanku, in an yi tsimi huɗu. Kuma sabon gero sai nan da kwana hamsin. Ka bar shi ya cire sunan, in karɓo maka tamaninka cif."

"Inna ma har yau tana zuba masa tuwo a kwanonsa."

"Nata da safe ana ɗumama wa yara. Naka ba ya dawowa tukunya." Ya rage murya. "Kuma alkawarin ɗan mai kuɗi ne ka saya. Ba mai ganin abin da zai yi a Magariya."

"Na sani, Baba."

"Zulai za ta tambayi ina biyar."

"Zan gaya mata."

Bunu ya dube shi ya daɗe. Haka ubansa yake, in ya kafe ko an taru a kansa ba ya motsi. Suka koma tabarma. Tsohon ya kira mutum biyu daga rumfar masu gyaɗa su zama shaidu, ya sa Idrisa ya maimaita sharaɗin da bakinsa sau biyu, sannan ya haɗa hannayensu.

"Ka sallama?"

"Na sallama."

Bai yarda da buhu a ɗinke ba. Ya sa aka farke, aka auna tiya tiya a gabansa, duk wadda ba ta yi tozo ba ya ce a sake. Da aka kai saba'in da biyar Usama ya faɗa wa Idrisa lambar sirri. Kafin ya fita daga wasan ya jefa gwangwanin ranar a akwatin, sannan ya kashe talho ya sa aljihu, ya je neman amalanke.

Idrisa ya samu gida da rangwamen tiya biyar, ya hau mota yana latsa talho. Bunu ya karɓi la'adarsa tiya biyu, domin shi ma gidansa ana ci. Zulai ce ta yi asara, ita da ba a tambaye ta ba, ita za ta ja tukunya har kaka da giɓin kwana huɗu. Ajimi kuwa, ko yana raye ko ba ya raye, duk cikin dangin shi kaɗai ne abincinsa ya kai baɗi.