Kibiyar Ta Dubi Gaba

"Ka gan ni, Uzairu. Kana ƙasa kana kallona, ka yi shiru."

"Waya nake ja. Ido biyu gare ni, ba huɗu ba."

Karim ne ya biyo ni har ɗakin tuƙin jirgin ruwan, hannunsa duk gam ɗin silikon, yana magana rabi Hausa rabi Faransanci, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci. Na ce masa e, na hango shi a kan rufin jirgin da salula a tafin hannu yana jujjuyawa, amma na ɗauka alƙibla yake nema, don azahar ta yi. Ya ce ƙarya nake. Ya ce tun ranar da ya fara aiki da mu nake jiran ya faɗi. Na mayar da idona kan allo.

Allon radar na kunne a tsakaninmu. Gadar da hancin jirgin ke kallo sak ta fito a hagu. Bakin kogi ya kwanta a gicciye, inda ya kamata a ga ruwa.

Aikin na Kawu Attahiru ne, ƙanin mahaifiyata. Sana'arsa sa na'urori a jiragen ruwa: radar, rediyo, abin auna zurfi. Shi ya ɗauko ni daga Damagaram bayan na gama lise, wato sakandare, ya ba ni katifa a gidansa na Sevran a gefen Paris, ya ba ni akwatin kayan aiki na riƙe. Shekaru ke nan ina riƙe da shi. Karim bana ya zo. A Clichy-sous-Bois aka haife shi, iyayensa mutanen Maraɗi ne, yana da takardar karatun lantarki, yana da fara'a. Hausarsa ta kicin ce: zo, ci, zauna, bari. Da farko Tonton yake ce wa Kawu, irin na Faransanci. Ban san ranar da ya koma cewa Kawu ba. Na dai ji ya faɗa, na ji an amsa masa.

Ga kuma zancen garin Lyon. Kawu ya kama ɗan shago a can, kusa da inda jiragen da ke gangarawa teku suke tsayawa, ya ce ɗayanmu zai zauna ya riƙe shi. Bai ce wane ba. Ni ban tambaya ba. Amma na riga na duba unguwar a taswira, na san masallacin da ya fi kusa, na san inda zan jingina tebur.

Jirgin na wata tsohuwar likitar haƙori ne, Madam muke ce mata. Ta ajiye aiki, tana so ta bi ta magudanan ruwa har Lyon, daga nan ta wuce teku. An ɗaure shi a bakin kogin Marne, gabas da Paris. Ran nan Kawu yana da suna a unguwar La Goutte d'Or, sai ya raba mana aiki kafin ya tafi. Ni ƙasa: in ja wayar wuta daga batir, in sa fis, in bi da wayar allo ta ƙarƙashin katako har ɗakin tuƙi. Karim sama: ya huda farantin ƙarfen da ke kan sanda, ya ɗaura radar ɗin a kai. Farin abu ne mai kama da ƙwarya a kife, shi ya sa Kawu ke ce masa ƙwarya. Shi ne abin da mai wucewa ke gani. Wayar da na ja, ba wanda zai ƙara ganinta sai ranar da ta lalace.

Kafin ya huda, Karim ya kira Kawu a waya ya tambayi yadda zai aza ta. Gidan suna cike da mata da yara, hayaniya ta ko'ina. Kawu ya ce masa akwai kibiya a gindin ƙwaryar, kibiyar ta dubi gaba. Karim ya ji gabas. Kalmar ya san ta sarai, ita babansa ke faɗa masa kullum in za a yi salla. Takardar na'urar ta ce kibiya ta kalli hancin jirgi, ya karanta. Amma ya ɗauka wata al'ada ce ta Kawu, ta neman albarka, daga baya a daidaita a cikin allo. Da ya ce a maimaita masa da Faransanci, da an wuce wurin. Bai ce ba, don ko a makon nan Kawu ya yaba wa Hausarsa. Sai ya buɗe manhajar alƙibla a salularsa, ya nemo gabas, ya huda. Hancin jirgin kuwa arewa yake kallo.

Muna cikin wannan musu Kawu ya iso, da babbar rigarsa ta suna, yana ƙamshin turare. Ya dubi allon. Ya sa na kashe radar ɗin, don ba ya yarda kowa ya tsaya kusa da ita tana aiki, sannan ya tattare riga ya hau rufi. Muka bi shi. Kibiyar na nan tana nuna ruwa ta hannun dama.

Na san fushin Kawu. Ba ya ɗaga murya. Yakan karɓe kayan aiki daga hannunka ya yi da kansa, kana tsaye kana kallo, daga nan har Sevran ba zai dube ka ba. Na koma gefe na jingina da ƙarfe. Cikina ya yi wani irin sanyi mai daɗi, ban hana shi ba.

Karim ya yi bayani kansa a ƙasa. Da ya zo kan kalmar, muryarsa ta shige.

Kawu ya ce, "Me ka ji na ce?"

"Gabas, Kawu."

Kawu ya dubi kibiyar, ya dubi Karim. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya zauna daɓas a kan rufin da rigar sunansa, yana dariya har da share ido da hula. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan.

"Malam Gabas," in ji shi. "Ka musuluntar da radar Madam ba ka gaya mata ba."

Karim ya yi murmushin wanda aka sassauta wa igiya. Ya ce ai ana iya juya hoton ta cikin allo, ba sai an kwance ba. Kawu ya ce a'a. Ya nuna masa inda waya ke fita daga ƙwaryar, ya ce dole wannan ya kalli baya, in ba haka ba iska za ta dinga tura masa ruwa in an shiga teku. Gyaran allo na ɗan karkata ne, ba na wanda ya juya wa hanya kafaɗa ba. A hankali yake faɗa, hannunsa a wuyan Karim. Sannan ya waiwayo.

"Uzairu, kai ne mai hannu. Gyara wa ƙaninka."

Ban san ina da ƙane a Faransa ba.

Na kwance ƙusoshin. Na ɗaga ƙwaryar na ajiye a kan bargo. Na toshe ramukan da ya huda, na goge, na shafa fenti. Na ɗaure zare daga hancin jirgi zuwa tsakiyar baya, na aza kibiyar a kan zaren, na huda sababbi. Na duba ba ta karkata ba, na duba ta fi kan mai tuƙi tsawo, na tabbata sandar da ke ɗauke da ita tana kwantawa ba tare da ta ja waya ba, saboda gadojin hanyar Lyon gajeru ne. Duk wannan ina jin su a ƙasa. Kawu ya ba Madam labari da Faransanci, ya rubuta mata kalmomin biyu a bayan kwali don ta ga harafi ɗaya ne tsakaninsu. Ta yi dariya, ta ce ita ma ba za ta ƙi albarka ba. Ta kawo kofi. Nawa aka ajiye a bakin tsani, ya huce a nan.

Kafin mu kai gida labarin ya riga mu. Kawu ya kira mutanen gidan suna ya ba su. Ya kira baban Karim. A masallacin Juma'a wani dattijo da bai taɓa sanin sunana ba ya tare ni yana tambaya ko ni ne Gabas. Na ce a'a, ni ne ɗayan.

Jirgin Madam ya yi makonni a hanya. Kawu ya yi mata alkawarin daidaitawar ƙarshe a Lyon, inda ruwa ke da faɗi, sai muka bi ta a motar aiki mu uku. Ni na tuƙa. Karim ya zauna a tsakiya, Kawu yana koya masa sunayen abubuwa a hanya: gada, rafi, tudu, kwari. In ya faɗa daidai a yaba masa, in ya karkace a yi dariya. Ko ta ina shi ke da riba.

A kan kogin Saône muka fita, da hantsi, hazo bai gama tashi ba. Madam ta miƙar da hancin jirgin kan ƙafar wata gada. Na kunna radar. Ƙafar gadar ta fito a kan layin tsakiya, ko motsa ta ban yi ba. Na rage ƙarfin hoton har ɗige-ɗigen ruwa suka ɓace, bakin kogi ya fito fes ta kowane gefe. Wani jirgin yashi ya taho daga cikin hazo, muka gan shi a allo tun kafin ido ya gan shi. Madam ta tafa hannu. Kawu ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce.

Da muka sauka, Kawu ya tsaya sallama da Madam, Karim ya same ni ina naɗe waya a bayan mota. Ya ce in yafe masa maganar ran nan, ya san ban lura da kuskuren ba, tsoro ne ya sa shi faɗa. Ya ce shi a ganinsa ni na cancanci shagon, ya ma gaya wa Kawu haka. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sannan ya yi dariya, ya ce yanzu dai ya haddace su har abada, gaba da gabas.

Na ce, "Akwai ta uku. Gaba, irin wadda ake yi da mutum."

Ya tambayi me take nufi. Na ce ya tambayi kawunsa.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da taga mai kallon ruwa. Daidai inda na yi niyyar jingina tebur akwai tebur a jingine. Kawu ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya yi addu'a muka shafa. Ya ciro makulli daga aljihu. Bai yi wani dogon zance ba. Ya ce Karim zai zauna. Ya ce masu jirgi suna son mai hira, kuma yaron yana tambaya, ko da kunnensa na cin amanarsa wani lokaci. Ya ce ni kuma idonsa ya fara rauni, ƙananan wayoyi sun fara haɗe masa, ba zai iya aikin Paris ba in ba na kusa. Yana faɗar wannan yana kallon makullin, ba ni ba.

Karim ya karɓa da hannu biyu. Na taya shi shigar da kwalaye. Na nuna masa wace kile ta kwance ƙusa ce ke zamewa, don kar ta fasa masa yatsa. Ya rungume ni a ƙofa, na bari.

Muka kama hanyar arewa mu biyu, kujerar tsakiya ba kowa. Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Muka yi nisa. Can sai na ji ya yi ɗan sauti ta hanci, ya girgiza kai, ya ce "gabas" a hankali, shi kaɗai, yana murmushi da gilashin taga.

Na yi masa tambaya. Wata babbar mota ta wuce mu a daidai lokacin, ƙararta ta cika ko'ina. Ban sani ba ko bai ji ba ne. Ya sa hannu yana murɗa rediyo, yana neman tashar da ba ta shashsheƙa. Na jira motar ta yi nisa, na rage gudu, na sake faɗa.

"Kawu, da ni ne na ji gabas, da ka yi dariya?"