Jirgin Ja'afaru Mai Garwa

Ja'afaru dai ɗan ga-ruwa ne a Makka, kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Tun da ya sauke farali ya maƙale a unguwar Nakkasa, yana rayuwa a kan ka'ida guda: kada askari ya san da zamanka. To mutumin da ya kamata ya yi ta raɓe-raɓe, shi ne ya tashi ƙera jirgin sama.

Gaskiya yana da hannu, don ya yi gyaran mota a Kano. Ya samo injin wata ƙaramar mota da ta mutu a hanyar Jidda, ya ɗinke fukafukai da tsohon tantin Mina, ya sassaƙa farfela da itace. A wani fili bayan unguwar Ka'akiyya ya haɗa abinsa.

Matarsa Safara'u ta yi magana har ta gaji. "Malam, ranar da wannan abu ya tashi, ranar za su kwashe mu zuwa Jidda, su kora mu gida."

"Su kwashe. Na gaji da sunkuyar da kai."

Ranar gwaji da hantsi ya sayo fetur a garwarsa ta tallar ruwa, don ita kaɗai ya mallaka. Bai tsaya ta bushe ba. Guntun ruwan da ya rage ya bi fetur ya kwanta a gindin tanki, ba wanda ya gani.

Ya hau ya tayar da inji, jirgi ya ruga, ya yi tsalle, ya rabu da ƙasa. Daɗi ya kama Ja'afaru har hawaye. Amma da hancin jirgin ya ɗaga sama, ruwan nan ya gangara cikin tiyo. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Jirgin ya dawo ƙasa da baki, ƙafar Ja'afaru ta karye.

Kafin ƙura ta lafa motar askarawa ta ɓullo. 'Yan kallo suka watse. Safara'u ta ja shi gefe tana kuka.

"Ka ce wucewa kake yi ya faɗo maka. Don Allah, Malam."

Askari ya zagaya tarkacen, ya tambaya da Larabci ko na wane ne. Ja'afaru ya dubi matarsa, tausayinta ya kama shi ƙwarai. Sai dai bakinsa ya ƙi ƙaryar.

"Haggi. Nawa ne," in ji shi. "Kuma in za ka rubuta, ka rubuta cewa ya tashi."