Ranar da Gwaggo Rediyo Ta Yi Shiru

Tunda tsohon direban nan ya ajiye aiki ya sayo madubin hangen nesa, Gwaggo Rediyo, mai kitson da ke ƙasan benensu, ta rasa sukuni. Kullum da safe yana baranda, ya saita abin wajen ɓauren gidan nas, matar da mijinta ya rasu. Gwaggo kuwa har ta shaida wa masu zuwa kitso cewa aure yake nema. To amma shaida fa? Abin ya tsaya mata a rai kamar ƙaya.

Ran nan dai ta bar kan wata rabi a tsefe, ta haura bene tana nishi.

"Malam Direba, a rage mana kallon mana. Ko amaryar ba ta fito ba?"

"Gwaggo, rage murya. Tsuntsuwa nake jira."

"Haka ake ce musu yanzu?"

Ya rantse kurciya ce, koriya shar, cikinta rawaya. Mahaifinsa ya sha ba shi labarinta, shi kuwa kukanta kawai yake ji. Ba ta sauka ƙasa, kuma tari kaɗan ke korar ta. Ga shi 'ya'yan ɓauren sun kusa ƙarewa, in sun ƙare ta tafi.

Gwaggo ta fizge madubin, niyyarta ta leƙa tagar nas. Labule a sake, kaico. Sai ta ga ɓawon ɓaure na faɗowa a kan igiyar shanya, alhali babu iska. Wa ke ci a ɓoye? Irin tambayar da ba ta iya bari ke nan. Ta bi reshe da ido, sai ga wani ganye mai ƙafafu, ya yi kai ƙasa yana tsinkar ɓaure, ko kunya babu.

Ihu ya taso mata har maƙogwaro. Matar da ko a gidan makoki ba a taɓa jin shirunta ba, ta cije leɓe, ta dungure shi da gwiwar hannu, ta miƙa masa madubin.

Ya daɗe yana kallo.

Da ta sauko, mai rabin kitso ta tare ta: "Gwaggo, kin gan ta?"

"Na gan ta. Kyakkyawa ce, sai dai ci. Kawo kanki."