Ɗaya ga Janairu a Fayil ɗin Kofur

"Umma, wai Abba tsoron daji yake ji?"

'Yata ce ta jefo tambayar, 'yar shekara biyar, bakinta cike da burodi. A barandar ɗakinmu na bariki muke da hantsi. Mahaifinta na kan benci yana goge takalmi, maƙwabcinmu Baba Saje na gefe riƙe da kofin shayi. Daji kuwa shi ne sunan da muke kiran bakin daga a nan.

Na ce, "Wa ya gaya miki haka?"

"Yara ne a wurin famfo. Sun ce baban kowa ya je, nawa ne kawai yake gadin barguna."

Baba Saje ya ƙware da shayi. Mijina ya yi 'yar dariya, amma na ga burushin ya tsaya a hannunsa. Shekara shida ke nan yana soja, igiya biyu a hannun rigarsa, kuma tun da ya fito daga horo aka ajiye shi a sito saboda ya iya rubutu da tsari. Shi ke ba da bargo, hular ƙarfe da rigar sulke, shi ke karɓa in an dawo. Kofur Sito suke ce masa. Bai taɓa gaya mini sunan na cin ransa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

A watan Yuli muke. Makonni biyu kafin nan takarda ta zo: an zaɓe shi cikin ƙananan sojojin da rundunar za ta tura jami'a, in sun gama su wuce makarantar horon hafsoshi. Rajista a watan Satumba. Na lulluɓe takardar da leda na sa a ƙasan akwati, kullum sai na leƙa ta kamar jaririya. A daidai lokacin kuma aka ce bataliyarsu za ta tafi daji farkon Agusta, wata shida. Shi an cire sunansa saboda karatun.

Kwana biyu da maganar yarinyar, ya dawo cin abincin rana ya ƙi zama.

"Maman yara, na sa sunana."

"A ina?"

"Cikin masu tafiya. Makaranta na ɗaga ta zuwa baɗi. An yarda mutum ya ɗaga sau ɗaya."

Ina goye da ƙanin yarinyar, ga tukunya a kan wuta. Na sauke tukunya tukuna, don kada in ƙona kaina a banza.

"Maganar 'yar shekara biyar ce ta kai ka ofishin kwamanda?"

"Ba ita ba ce. Gobe in an liƙa mini aninin hafsa a kafaɗa, zan tsaya gaban su Dogo in ce su shiga wuta. Da wane ido? Za su sara mini, in na juya baya su ce hafsan biro."

Dogo abokinsa ne tun suna kurata, sau biyu yana zuwa daji. Mijina ya ce sharaɗin makarantar ɗaya ne: kada mutum ya cika ashirin da takwas kafin ranar rajista. Shi ɗan Nuwamba ne, bana zai cika ashirin da bakwai. Satumban baɗi yana ciki, har da rarar wata biyu.

"Na lissafa komai," in ji shi.

Ban yi kuka ba. Na ga matan da suka yi kuka a bakin ƙofa, motar kuma ta tashi da mazajensu. Na zuba masa abinci, ya ci ya koma aiki.

Washegari ranar rigakafin jinjirin ce. A asibitin bariki ana jira a kan dogon benci mai ƙafa ɗaya gajera, kowa riƙe da katin iyali. Don kada in yi ta tunani, sai na kama karanta katin namu, wanda na fi shekara biyar ina yawo da shi. Lambar maigida, muƙami, rukunin jini. Ranar haihuwa: ɗaya ga Janairu.

Na taɓa matar da ke kusa da ni, matar wani direban tanka. "Yaya, duba mini katinki. Yaushe aka haifi maigidanki?"

Ta duba ta kwashe da dariya. "Ɗaya ga Janairu mana. Ke ba ki sani ba? Rabin barikin nan rana ɗaya uwayensu suka yi naƙuda."

Ni dariyar ba ta zo mini ba. Ana gama yi wa yaron allura, yana tsala ihu a bayana, na nufi ofishin ajiye bayanai. Matar soja ba ta da hurumin shiga can, na sani. Na tsaya a tagar har mai kula da wurin ta gaji da ganina. Wata sajan ce babba, mai tabarau a kan hanci, kowa Uwar Fayil yake ce mata.

"Ƙanwata, nan ba asibiti ba ne."

"Anti, tambaya ɗaya. In kati ya ce abu, mutum ya ce wani abu, wanne makaranta za ta bi?"

Ta karɓi katin, ta dube ni ta saman tabarau, ta shige ciki. Na ji ƙarar durowar ƙarfe. Ta dawo da fayil mai launin ƙasa, ba ta ba ni ba, ta buɗe shafin farko ta juyo shi wajena. Hotonsa ne yana ɗan saurayi, kai a aske, kunnuwa a waje. A ƙasa da jan biro, ɗaya ga Janairu.

Ta ce ranar ɗaukar kurata mutum ɗari-ɗari ne a layi, akawu ɗaya. Duk wanda takardarsa ta nuna shekara ba rana, sai a danna masa farkon shekara a kira na gaba. Su kuma samarin murnar samun kaki ba ta barinsu su karanta abin da suke sa wa hannu.

"To a gyara mana."

"A gyara?" Ta rufe fayil ɗin. "Sojan da ya zo yana so a mayar da shi yaro, ɓarawon shekaru ake ɗaukarsa. Takardar za ta yi shekara biyu tana yawo, ta dawo da a'a. A wurinmu mijinki zai cika ashirin da takwas Janairun nan mai zuwa. Satumban bana ne nasa. Ba shi da baɗi."

"Sunayen masu tafiya fa?"

"Jumma'a da azahar ake rufewa. Bayan nan ko kwamanda bai iya cire mutum."

Ranar Laraba ce. Ban jira ya dawo gida ba, sito na bi shi. Ɗaki ne dogo mai warin man bindiga da tsohon bargo, hulunan ƙarfe jere a kan kanta kamar ƙwarya. Yana duƙe yana gwada maɗaurin wata rigar sulke, Baba Saje na zaune kan akwati yana jiran a ba shi kayan mutanensa.

"Lafiya, Maman yara? Yaron ne?"

Na ajiye katin a kan tebur, na ɗora yatsa a wurin. Na faɗa masa abin da Uwar Fayil ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya karanta sau biyu.

"Amma ai ni ɗan Nuwamba ne. Innata na nan da ranta, a tambaye ta."

"Inna ba ta aiki a ofishin rajista."

Baba Saje ya yi tsaki. "Madam, bari in gaya miki gaskiya ko ba daɗi. Na bi hafsan da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a fim. Ya jera mana motoci gab da juna a hanya ɗaya, don haka ya gani a littafi. Mutum huɗu muka bari a wurin. Yaron nan ya je ya gani da idonsa, shi ne daidai."

"Baba, ban musa ba. Amma duk hafsan da ya fara zuwa daji, nagari ne?"

Ya sosa gemu. "A'a. Akwai wani da muka ci wuya tare, yana samun anini ya manta sunayenmu."

"To ni ba gardamar wa ya fi nake yi ba. Da zaɓi biyu ne a gabansa, daji sannan makaranta, ko makaranta sannan daji, wallahi da na haɗa masa jaka da hannuna. Amma ba haka ba ne. In ya hau motar nan, ya dawo lafiya, nan zai dawo. Sito. Har ya yi furfura." Na juya wajen mijina. "Abban yara, dajin nan tun kafin a haife ka ake zuwansa. In ka gama karatu za ka tarar da shi, kuma kai za a sa a gaba. Makarantar ce ba ta jira."

"Kin san abin da kike so in yi? In koma gaban kwamanda in ce na fasa. Ni da na kai kaina jiya."

"Na sani."

"Bariki duka za su ji."

"Za su ji. Ni zan je famfo kullum in sha nawa rabon."

Ya ɗauki rigar sulken ya ci gaba da jan maɗaurin. Na bar katin a teburin na fito.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, ba ya ce mini komai sai sannu. Ban sake tayar da zancen ba, amma na goge masa kakinsa mafi kyau na rataye a ƙofa, inda ba yadda zai fita bai gan shi ba. Jumma'a da safe ya tsaya gaban kakin ya daɗe. Sannan ya sa, ya ce in miƙo masa takardar da ke ƙasan akwati.

Kafin azahar ya dawo, gumi ya jiƙa masa baya. "An cire," ya ce, ya wuce ciki.

Ranar tafiyar shi ya raba wa bataliyar kaya. Ina tsaye cikin mata a bakin filin fareti, na ga Dogo ya ƙame a gabansa ya sara masa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, yallaɓai! A riƙe biro da kyau, kada ya tashi da kai!"

Aka yi dariya. Mijina ya jawo Dogo ta wuya, ya duba maɗaurin hularsa, ya ga ya saki, ya koma sito da gudu ya sako masa wata. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har motoci suka tashi. Ya tsaya shi kaɗai a filin, hannu a baya. Ban je wurinsa ba, na san ba ni yake son gani ba.

A Satumba ya yi rajista. Akawun rajistar ya duba fayil ya ce masa, "Da ƙyar ka sha, malam." Wata shidan bataliya kuwa sai da ta zama goma sha huɗu. Yanzu yana shekara ta biyu. Har gobe in an yi hirar daji shiru yake yi, kuma ban san irin hafsan da zai zama ba. Wannan shi da mutanensa za su sani.

Kai da ke sanye da kaki kana tunanin fara zuwa daji kafin karatu, da ke da ke wanke masa kakin: ban ce kada a je ba. Amma kafin a kai suna ofishin kwamanda, a je a buɗe fayil a karanta shafin farko da ido. Kada ka lissafa da ranar da uwarka ta gaya maka. Rundunar ba da ita take lissafi ba, kuma in ƙofar ta rufe, masu yi maka dariya a yau ba wanda zai zo ya buɗe maka ita.