Kwanakin da Ba a Tambayi Juwairiyya Ba

Babur ya wuce ta bayan katanga, Juwairiyya ta saki muciya ta faɗa bayan rumbu, ta toshe kunnuwa. Mijinta Mannir ya san tuwon yau ma ya ƙone. A Tsafe kuwa babur ya fi kaji yawa, sai ka lissafa sau nawa take mutuwa kafin azahar.

Kwana hamsin ta yi a hannun 'yan bindiga. Ranar da aka sako ta gida ya cika da 'yan barka, kowa da maganarsa guda: ki gode Allah, ki manta. Babu wanda ya tambaye ta komai. Sau ɗaya ta buɗe baki.

"Malam, a dajin nan akwai wata rana..."

"Bari, ya wuce," in ji shi. Ya miƙa mata ƙwayar sa barci.

Mai kemis ne, shekara goma sha biyar yana sana'ar. A ganinsa duk ciwon da Allah ya saukar yana da kwalin maganinsa a kan kantar shago. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma uku, matarsa tana ƙara nisa da shi tana zaune a gabansa. Abin ya ci masa rai, ya rasa wanda zai gaya wa.

*

Wata nas mai suna Dibora, da ke sayen kaya a wurinsa, ita ta faɗa masa gaskiya.

"Malam Mannir, ba barci take buƙata ba. Wanda ya iya sauraro take buƙata, kuma karatu ne ake yi a kansa."

Ya nemi masu wannan karatun, bai samu na kusa ba. Sai ya bar wa ƙanensa kemis, ya koma jami'a a Gusau karatun ilimin halayyar ɗan Adam, da furfura a gemu, yara suna kiransa Baban Aji. Juwairiyya ya kai ta Rawayya gidan iyayenta, inda babur bai cika yawa ba.

A zango na biyu wata malama ta bayyana ciwon matarsa tiryan-tiryan, kamar ta taɓa zama gidansu. Ta ce wanda ya yunƙura zai ba da labarin abin da ya same shi, kada a rufe masa baki. Mannir ya sunkuyar da kai. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi. Ya ƙudurta ranar Juma'a zai zauna ya ji kwana hamsin ɗin nan kaf, ko za su kashe shi.

*

Bai same ta a gida ba. Surukinsa yana gyaran fartanya a zaure.

"Baba, ina Juwairiyya?"

"Mun kai ta ga mai magani, sati ukku ke nan. Iskokin daji na ta kwaso. Kai kana can kana boko, mu mi za mu yi?"

A wata rugar bayan gari ya iske ta, ƙarƙashin tsamiya, an ɗaure ƙafarta da sarƙa a jikin kututture. Idon sawun ya kumbura, ƙuda na bi. Ya karɓi makulli da faɗa daga hannun mai maganin, ya durƙusa ya buɗe kwaɗon.

"Ni ne, Juwairiyya. Na zo in saurare ki. Faɗa mini duka."

Ta dube shi, ta waiga hagu da dama cikin sauri. Sannan ta jawo sarƙar ta naɗa a ƙafarta da kanta, ta tura masa kwaɗon.

"Bawan Allah, kai ma sun kamo ka?" ta ce da raɗa. "Maza kulle. In sun dawo sunka iske ni kwance, mu biyu za su daka."

Mannir ya zauna a ƙasa kusa da ita, kwaɗon a buɗe cikin tafinsa. Ita kuwa ta matsa kaɗan, ta ba shi wuri a inuwa.