Yaɓen Bahago

Ni Cástulo Rangel ban taɓa zama a aji ba, amma rabin katangun birnin Meziko sun san tafin hannuna. Girgizar ƙasa ta binne ni kwana biyu, na fito da ƙafata. Duk da haka Hilario, mijin 'yata, mai facin taya, sai ya riƙa dariya ƙasa-ƙasa in na ce ni na yaɓe jan gidan nan da baƙi ke layin gani.

Ran Asabar ya ce, "To Baba, tashi mu je, yau a yi ta ta ƙare."

A ƙofa aka sa mana leda a kan takalmi. Ni da na taka wurin da laka har gwiwa! Budurwar da ke zagayawa da baƙi ta tsayar da mu gaban katangar tsakar gida, ta ce mai zanen gidan ne ya tsara yaɓen ya karkata gefe ɗaya, don hasken la'asar ya kwanta a kai.

Na ce, "'Yar nan, wa ya faɗa miki? Bahago ne ya watsa simintin, shi ya sa ya karkata. Ga bahagon a gabanki."

Hilario ya ja mini riga. "Baba, don Allah kar ka kunyata mu."

"Cika ni, sarkin faci!"

Budurwar ta yi irin murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Kaka, ai ba haka yake a littafinmu ba."

"Littafi ne ya riƙe cokalin gini? Leƙa bayan matakala, can ƙasa. Yaɓen wurin ɗaya gefen ya karkata. Faɗowa na yi daga sama na karya hannun hagun, aka ce in tafi gida. Na ɗaure shi da tsumma, na ƙarasa da dama."

Ta tsallake igiyar da aka gitta, ta durƙusa da fitilar wayarta. Ta daɗe. Shekara sittin fa, wa ya sani ko an sake yaɓe?

Ta fito da ƙura a gwiwa. "Shekarata shida a nan ban taɓa gani ba. Kaka, rubuta mini sunanka."

Na ce, "Hannun nan na gini ne. Hilario, rubuta mata, da manyan baƙi."

Ya rubuta, ya juya ga baƙin da suka ɗaga wayoyi, ya dafa kafaɗata.

"Ku ɗauka da kyau, baban matata ne."